Kunkuru a Ɗakin Tarkace

Mai masauki tana shimfiɗa sabon zanin gado a babban ɗaki lokacin da wani kunkurun ya sake turo ƙofa. Haka take kiransu, waɗannan masu yawon duniya da gidansu a gadon baya. Su sauko daga mota jiƙe da gumi, su bi kasuwa suna ɗaukar hoton kwandon kifi da 'yan babur kamar ba su taɓa ganin mutane ba, kwana biyu su kama gabansu.

Wannan ma ya fi sauran tsiya. Gemu buzu-buzu, silifas ɗaya an ɗaure da waya, jakar kuwa an yi mata faci da wani karkataccen ɗinki irin na malalata. Ita dai mutum ɗaya ta sani mai wannan aika-aikar da allura, autarta.

Autar ce ma ta sa ta wannan hidima. Shekara shida tana ƙasar waje, sai ga waya: wanda za ta aura, injiniya, zai zo gaisuwa cikin makon nan. In garin ya kwanta masa a rai, nan za su dawo su zauna. In bai kwanta ba, shi ke nan. Matar ta gaji da ganin 'yarta a gilashin waya.

Kunkuru ya cire silifas tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya buɗe baki. Ta katse shi da hannu, ta tura masa littafin baƙi, ta nuna masa ɗakin tarkace da ke jikin kejin kaji. Ba ta ko dubi abin da ya rubuta ba. Me kunkuru zai rubuta?

Da la'asar ya dawo daga cikin gari, fuska ta yi ja, ya tsaya yana ƙare wa hoton Auta kallo a bango. Maƙwabciya, tela, ta leƙo.

"Yaya, wannan fa? Ko shi ne surukin?"

"Rufa mini asiri," in ji mai masauki, tana yi masa murmushin baƙi. "Ai ba ya jin ko zo. Dubi ƙafa kamar ta mai haƙar rijiya. Da in ga irin wannan a zuri'ata, gara Auta ta tsufa can inda take."

Suka yi dariya har da tafawa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana gyara wayar silifas ɗinsa.

Da safe ta tarar da ɗakin tarkace a share tas, har kajin an zuba musu ruwa. Ya bi motar farko. Ta ce a sauka lafiya, ta koma feshe babban ɗaki da turare.

Kwana uku injiniya bai zo ba. Auta kuma ta daina ɗaga waya. Ranar ta huɗu, tana goge tebur, littafin baƙi ya faɗi a buɗe. Ta sa tabarau. A layin ƙarshe, ƙarƙashin "dalilin zuwa", da rubutun ɗan koyo wanda aka zaunar aka koya wa harshen garin harafi-harafi, kunkuru ya rubuta: "Na zo gaida Mama."