Jar Hular Osbat

Bulala tana sauka a bayan Osbat ɗan mai niƙa, ana zagaya coci da shi daga shi sai 'yar shara, amma ko gezau bai yi ba. Karo na biyu ke nan kotun coci tana kama shi da kwana a ɗakin Idoniya, bazawarar nan mai dafa giya.

Mu kam haushinsa muke ji. Duk mai ɓarna a ƙauyen nan ya san ƙofar baya, shi kuwa sakaran sai ya rataye jar hularsa a ƙyauren gaba. Washegari ya kama hanyar York, wai sayo gishiri.

Ubansa Ranulf ya riga ya rantse cewa muddin yana numfashi, mai giya ba za ta zama surukarsa ba. Fada, limamin cocinmu, kuwa a gidan Ranulf yake samun garin burodi, don haka ya ƙi ɗaura auren.

Bayan bulala, alƙalin bishop, shugaban coci na York, ya sa Osbat ya dafa Littafi a gaban Idoniya, ya yi rantsuwar da ake ba masu taurin kai: "In na sake kusantar ki, daga ranar ke matata ce."

"Ka dai ji," in ji Ranulf a hanyar gida. "Shi kuma munafukin da ke kai ƙarar nan, ranar da na kama shi sai na niƙe shi."

"Ba zai yi nisa ba, Baba."

Bayansa bai gama warkewa ba aka sake ganin hular. Gamel ɗan aiken kotu ya iso da sammaci, alƙali ya ce rantsuwa ta hau, Idoniya matar Osbat ce. Ranulf ya yi ta kumfar baki, ya ce ya cire shi daga gado.

"Riƙe dutsen niƙanka, Baba. Ka hana Fada, sai ka je ka hana bishop."

A ƙofar kotu tsohon ya shaƙe wuyan rigar Gamel. "Faɗa mini wanda ya tona mana asiri."

Gamel ya ɓamɓare hannun, ya gyara rigarsa.

"Dattijo, na tsufa a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ke takowa har York ya kawo ƙarar kansa ba sai ɗanka."