Tiyon da Na Riƙe wa Baba

Ina 'yar shekara tara ranar da Baba ya ɗaura wa tsohon babur ɗinsa 'yar radiyato a ƙofar gidanmu a Tanut. Babur ɗin ya girme ni, kuma da ya shiga rairayi sai inji ya ɗau zafi ya mutu. Baba kuwa shayi da sukari yake kai wa makiyaya a rijiyoyin arewa, inda mutuwar inji ba wasa ba ce.

Bayan la'asar ya kira ni. "Uwata, zo riƙe mini tiyon nan. Hannunki ya fi nawa shiga lungu."

Na tsuguna na riƙe. Baƙin mai ya gangaro mini har gwiwar hannu, da ɗuminsa da warin ƙonannen ƙarfe. Na tambaye shi amfanin abin.

"Mai zai bi ta nan ya sha iska, ya koma da sanyinsa," in ji shi, yana ɗaure noti. "Daga yau ba zai ƙara yashe ni a daji ba."

Inna ta ɗago daga tankaɗe ta ce, "Ka ce in Allah ya yarda, Malam." Ya yi dariya. Na kasa tuna ko ya faɗa.

Washegari ya tafi. Bayan sati uku wasu makiyaya suka kawo babur ɗin a bayan mota. A jingine suka same shi a gindin aduwa, ba kowa, iska ta share sawu. Kawuna ya taka shi sau ɗaya, injin ya tashi.

Yau na wuce shekarun Baba na ranar. Har yanzu ina fatan a ce injin ne ya lalace, ko na san abin da zan zarga.