Ɗaki Mai Ƙafa Huɗu

Bayan shekara guda a hanya, wani tsohon direba ya tsayar da motarsa a gaɓar kogin Komadugu, inda gidansu shi da matarsa yake a da. Ambaliya ta cinye komai, sai tsamiyar tsakar gida.

Tun da ya ajiye aiki motar ce ɗakinsu, gado a baya, murhu a gefe. Ta kai su rairayin Agadas da duwatsun Kamaru, har bakin teku a Kwatano. Duk inda suka yada zango, matarsa ba ta da hira sai ta inuwar tsamiyar nan.

Ya kasa kallonta.

Ta ce, "Malam, juya motar. Ƙofarmu gabas take kallo."

Ya juya motar. Ta sauko da tsintsiya, ta fara sharar ƙofar gida.