Hanyar Gindin Dutse

Tun daga kasuwar Kunci mutumin nan yake bin Safara'u. Shekarar yunwa ce, har ana cewa an yi kisa a kan tiya guda. Ga ta da ɗan buhun gero a ka, ita kaɗai a hanyar gindin dutse. In ta waiga ta gan shi a duƙe, in ta ɗaga ƙafa ya biyo.

Ta zube tana kuka. "Bawan Allah, ɗauki geron, ka bar ni da raina!"

Ya ƙaraso yana tangaɗi, ya miƙo mata hularsa. Gero ne a ciki, haɗe da tsakuwa.

"Baiwar Allah, buhunki ne ya huje. Na yi ta kira, muryar ta ƙi fita. Yau kwanana uku ban ci komai ba."