Sunan Ɗan Fari

Tun da aka hana takarda shiga gidan yari, na'ura ce ke karɓar saƙo, kuma sai mai aikawa ya ambaci sunan ɗaurarre da bakinsa. Shekara talatin Iya Hansatu ba ta kira sunan ɗanta na fari ba, saboda kunya. Yau ta zo ta aika masa saƙo cewa ta yafe masa.

"Yaron nan nake nufi," in ji ta.

Ma'aikaciyar ta ce, "Iya, na'ura ba ta san yaron nan ba."

Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta ce, "Haliru."

Na'urar ta karɓa, Iya ta faɗi saƙonta.

"'Yata, zai ji yadda na faɗa?"

"A'a, Iya. Da muryarta take karanta musu. Muryarki gogewa ake yi."