Ranar da Mama Ta Taɓa Kare

Ina shekara takwas muka bar unguwarmu ta Bronx, a ƙasar waje, muka tafi hutun sanyi can arewa, inda karnuka ke jan amalanke marar taya a kan ƙanƙara. A gidanmu ba a taɓa kare. Na laɓe bayan Mama ina leƙen wani farin kare, ina tsoron ta ce mu koma mota.

"Mama, shi ba ya jin sanyi?"

Ta daɗe tana kallonsa yana haki. Sai ta cire safar hannu, ta ɗora tafinta a wuyansa.

"Ɗumi gare shi," in ji ta. "Zo ki ji."

Na taɓa. Ta goge mana hannu da ƙanƙara, muka hau amalanken. Sai yanzu nake zargin ita ma tambayar ce ke cin ta.