Kwalbar Malamin Gona

Ko baki bai kurkure ba, Malam Zaidu ya zagaya bayan gida ya tsuguna gaban kwalbarsa. Kwalba ce mai mazurari a ka, kafe kan turke, irin wadda sabuwar jihar Kebbi ta raba wa malaman gona don auna ruwan sama. Yau ya samu milimita ashirin. Ya miƙe yana murmushi, har ya yi wa matarsa Lubabatu sannu da aiki, abin da ba kullum take samu ba.

Shekararsa guda a Tungan Magaji, can ƙasar Ngaski, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa kan mutanen garin ba. A wurinsa, manomin da zai tsaya duban tururuwa kafin ya yi shuka bai fi jakinsa da komai ba sai hula. Shi ya sa da damina ta kama ya tsaya kai da fata sai an shuka sabon irin masarar da ya kawo, kuma da ruwan farko. Dogo, dattijon manoman, ya ce a ɗan dakata. Malam ya ce shi ba a gindin tsamiya ya yi karatunsa ba. Aka shuka.

Daga nan sama ta shiga wasa da hankalin mutane. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin ta wajen tafki, a kwanta ana jin tsawa, da safe kowa ya ce iska ta kwashe shi. Malam kuwa mutum ne mai nauyin barci, ko a kansa aka yi aradu sai dai a ba shi labari. Wannan bai dame shi ba, ai yana da kwalba, ita kuwa ba ta barci, ba ta ƙarya.

Da farko ya sha tarar da ita a bushe, irin wannan rana kuwa gidan ba ya zaunuwa. Kunu ya yi tsami, tuwo ya yi gudaji, tsakar gida ba ta sharu ba. Lubabatu da tsohon cikinta ita ke kwasar faɗan da ya kamata a yi wa gajimare, har kwano ya taɓa bin bayanta. Amma daga baya sai Allah ya dubi ilimi. Duk daren da hadari ya taso, da safe sai ya iske ruwa garau a kwalba: sha takwas, ashirin, ashirin da biyu. Ƙasa a bushe? Yashi ne, kafin asuba ya shanye. Lubabatu ma, da kullum ke riga shi tashi, in ya tambaye ta sai ta ce, “An ɗan taɓa, Malam.”

Masara dai ta nannaɗe ganye ta yi ja. Sai ga sanarwa daga Wara, hedikwatar ƙaramar hukuma: duk ƙauyen da matsakaicin ruwansa na wata bai kai milimita biyar a rana ba, za a kai masa hatsin agaji. Malamin gona ne zai ba da shaida.

Dogo ya zo da magidanta bayansa, ya ajiye busasshen karan masara a gaban Malam.

“Ga abin da munka samu bana. Ka taimaka ka hwaɗa musu ruwa bai yi ba. Rumbunanmu ba komi, ƙanana na kwana da yunwa.”

Malam ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma. “Dogo, wannan ba aikin baki ba ne, aikin lissafi ne. Tara ruwan kowace rana ake yi, wadda aka samu da wadda ba a samu ba. Na tara, ɗari biyu da arba'in. A raba da kwana talatin, takwas ke nan. Takwas ta fi biyar, ko a ƙauyenku ba haka ba ne?”

“Mu dai ba mu ga takwas ɗin ga cikin gona ba,” in ji Dogo.

“Ina za ku gani? Ku ƙi noma a kan kari, sannan ku ɗora wa sama laifi.”

Haka ya je Wara ya shaida: ruwa ya wadata, ragwanci ne ya kashe masara. Ranar rabo motar hatsi ta bi ta gaban Tungan Magaji ba ta ko rage gudu ba, mata na tsaye bakin hanya da ƙoransu. Malam bai ji tausayin kowa ba. Daɗi ma ya ji, don ya tsare dukiyar gwamnati daga hannun mayaudara, ogansa har da dafa masa kafaɗa.

Bayan mako guda Lubabatu ta yi shirin tafiya Yelwa wajen innarta don haihuwa, ƙanwarsa Tabawa ta zo riƙe masa gida. Yana ɗaure kaya a babur igiya ta gaza, ya koma ciki neman wata. Ta bayan zana ya jiyo muryar matarsa ƙasa-ƙasa, tana nuna wa Tabawa inda daddawa take, da yadda yake son kununsa.

“Sai abu guda, kada ki mance,” in ji Lubabatu. “Duk daren da hadari yat taso bai zubda komi ba, ki zuba rabin moɗa cikin kwalbar can tun bai tashi ba. Haka nika yi duk daminar ga, da shi nis samu lahiya gidan nan.”